Sabon ciwon jijiya bayan tiyatar haɗe ƙashin baya

Waɗanda aka yi wa wannan tiyata sun tattauna kan zafin da ke tasowa bayan tiyatar, mai fizgar ƙafa kamar wutar lantarki, wani lokaci ma ƙafar da a da lafiyarta ƙalau. Galibi kumburi ne ke matse jijiyar, ko kuma wadda ta daɗe a danne ce ke farfaɗowa. Ita kuwa ba ta gaggawa, takan ɗauki watanni.

A cikin magungunan ciwon jijiya, an fi ambaton gabapentin da pregabalin. Suna sa barci da jiri, kuma ba a daina su farat ɗaya. Ibuprofen da diclofenac kuwa, waɗanda muke saye a kemis ba tambaya, sai da izinin likita, don suna iya jinkirta haɗuwar ƙashi. Shan taba ma yana jinkirta ta.

Tattaki kaɗan-kaɗan ya fi wuni a kwance. Ban da sunkuyawa, ɗaukar kaya da murɗa jiki. Salla ma a kan kujera. In za a kwanta ta gefe, a sa matashi tsakanin gwiwoyi.

Amma idan fitsari ko bayan gida ya fara kuɓucewa, matsematsi ya mutu, ƙafa ta saki, ko zazzaɓi ya zo ɗinki na ruwa, a garzaya asibiti nan take.