Ɗana an haife shi a Jidda, uwarsa 'yar Filifin ce, ya matsayinsa yake a dokarsu?

Abu_Sadiq_Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san dokar ƙasar Filifin ya taimaka min. Ina aiki ne a Jidda, matata 'yar Filifin ce daga yankin Mindanao, nas ce a wani asibiti a nan, kuma Allah ya ba mu ɗa namiji watan da ya wuce. Saudiyya dai kowa ya sani haihuwa a ƙasarsu ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa, to ni niyyata in yi masa fasfo ɗin Najeriya, ita kuma tana so a kai sunansa ofishin jakadancinsu. Sai wani abokin aikina ya ce min wai a wajensu sai uba ne ɗan ƙasa sannan yaro yake samu, kuma wai da zarar ya karɓi fasfo ɗinmu shi kenan ya rasa nasu. Abu na biyu ita kanta, idan mun koma Kano na nema mata takardar zama 'yar Najeriya za ta rasa ta ƙasarsu ne? Abin yana damunta sosai saboda maganar zaɓe, mace ce da ba ta wasa da ƙuri'arta kuma tana son ta yi na shugaban ƙasa na 2028.

Dr_Nura_Cebu:
Wa alaikumussalam, Allah ya raya Sadiq ya yi masa albarka. Na yi karatu a garin Cebu na ƙasar Filifin kuma na ga irin wannan a wajen 'yan uwanmu da suka yi aure a can, abokin aikin naka tsohuwar doka yake ba ka labari. A kundin tsarin mulkinsu na 1935 ne abin ya fi karkata ga uba, ɗan da uwarsa kaɗai ce 'yar ƙasa sai ya girma ya zaɓa da bakinsa. Kundin 1973 ya sauya wannan, na yanzu kuma wato na 1987 da aka amince da shi zamanin shugabar ƙasa Corazon Aquino, babi na 4 ya faɗa ƙarara cewa wanda ubansa KO uwarsa ɗan ƙasa ne to shi ma ɗan ƙasa ne. Shi ya sa har yanzu za ka ga ranar 17 ga Janairu 1973 a cikin kundin, waɗanda aka haifa kafin ranar ta wajen uwa su ne suke buƙatar zaɓa, ɗanka wannan bai shafe shi ba.

Su jini suke bi, ba wurin haihuwa ba. Da za ka haifi ɗa a tsakiyar Manila da mace 'yar Najeriya ba zai zama ɗan Filifin ba, amma naka da aka haifa a Jidda ya zama tun ranar da ya faɗo duniya, matuƙar uwar tana 'yar ƙasa a ranar. Kuma ajin farko yake, wato ɗan ƙasa tun haihuwa, wanda bai yi wani abu ba don ya samu. Wannan ajin yana da nauyi sosai a wajensu domin shugaban ƙasa da mataimakinsa da sanata da ɗan majalisar wakilai da alƙalin Kotun Ƙoli duk sai ɗan wannan ajin.

Fasfo ɗin Najeriya kuwa ba zai cire masa komai ba. An yi shari'a a kan irin haka a 1999, ta Edu Manzano wanda aka haifa a Amurka iyayensa 'yan Filifin, ya ci zaɓen mataimakin magajin garin Makati aka ce bai cancanta ba tunda yana da ƙasa biyu. Kotun Ƙoli ta raba abu biyu, akwai wanda ya tashi ya tarar da kansa da ƙasa biyu saboda dokokin ƙasashen ne suka haɗu a kansa, akwai kuma wanda da gangan yake yi wa ƙasa biyu mubaya'a, na biyun ne kundin ya ce yana cutar da ƙasa. Ɗanka na farkon ne.

Abin da za ku yi yanzu ku je ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke nan Jidda ku kai rahoton haihuwa. Ku tafi da takardar haihuwar ta Saudiyya da fassararta ta Turanci, da takardar aurenku, da fasfo ɗinku ku biyu, musamman nata domin shi ne shaidar tana 'yar ƙasa lokacin haihuwar. In ba ku taɓa kai rahoton auren ba ku haɗa ku yi. Kar ku bari shekara ta zagayo, bayan nan sai an ƙara da takardar rantsuwa ta jinkiri.

Maman_Hanifa:
Abu Sadiq barka, Allah ya ba mai jego lafiya. Ni ta ɓangaren matar zan yi magana don facalata 'yar can ce kuma mun sha zama muna wannan hirar. Aure kawai ba ya cire wa mace ƙasarta, kundin nasu ya rubuta haka, wadda ta auri baƙo tana nan a 'yar ƙasa sai dai in ita ce ta yi wani abu da doka ta ɗauka a matsayin ta bari. Inda ake taka tsantsan shi ne ranar da ta nemi ta wata ƙasa da hannunta ta yi rantsuwa, nan fa aikinta ne ba na aure ba. Amma tun 2003 suna da doka mai lamba 9225, duk wanda ɗan ƙasa ne tun haihuwa ya je ya karɓi ta wata ƙasa, zai je ofishin jakadanci ya yi rantsuwar biyayya ga Filifin a mayar masa da matsayinsa, har da 'ya'yansa da ba su kai 18 ba kuma ba su yi aure ba. Ta wajenmu kuma sashe na 26 na kundin Najeriya ya ba matar ɗan Najeriya damar yin rajista, kuma tunda a haihuwa ta samu ta Filifin ba a tilasta mata ta ajiye.

Shawarata kar ka matsa mata a kan wannan, kuma kar ku yi sakaci da takardun yaron. Mutane ba sa tuna maganar fili, a can baƙo ba ya sayen fili da sunansa ko da matarsa 'yar ƙasa ce, kundin ne ya hana, kai ba za ka iya ba amma ɗanka zai iya, in akwai gonar kwakwa ta dangin uwarsa a Mindanao wata rana takardar nan ce za ta tsaya masa.

Abu_Sadiq_Jidda:
Na gode ƙwarai Dakta, na gode Maman Hanifa, na karanta mata ta ji daɗi. Saura maganar ƙuri'ar, domin ita ta ji an ce sai mutum ya zauna a ƙasar shekara guda kafin zaɓe, ita kuwa hutu kawai take zuwa.

Barista_Kabir:
Haka ne akwai wannan a babi na 5 na kundin tsarin mulkinsu, mai zaɓe ya kai shekara 18, ya zauna a ƙasar aƙalla shekara 1, a mazaɓarsa kuma wata 6 kafin zaɓe. Sai dai sashen da ke biye ya umarci majalisa ta tsara yadda 'yan ƙasa da ke waje za su yi zaɓe, aka yi dokar a 2003, aka kai ta Kotun Ƙoli a shekarar kotu ta ce na waje ba sa cikin wancan sharaɗin, aka fara a zaɓen 2004. Da farko masu takardar zaman dindindin a wata ƙasa sai sun sa hannu cewa za su koma gida cikin shekara 3, gyaran 2013 ya cire wannan, kuma tun 2006 kotu ta tabbatar masu ƙasa biyu ma suna da ƙuri'a.

To matarka in tana da rajistar masu zaɓe na waje shi kenan, za ta zaɓi shugaban ƙasa da mataimaki da sanatoci da jam'iyyun wakilcin rukunoni, banda gwamna da magajin gari da wakilin mazaɓa, waɗannan sai mai rajista a gida. Na waje kwana 30 ake ba su, a zaɓen 2025 ma hukumar zaɓensu Comelec ta bari mafi yawansu sun yi ta intanet. Abu biyu ta kula da su, wanda ya tsallake zaɓe biyu a jere ana dakatar da rajistarsa sai ya sake nema, kuma in kun koma Kano ta mayar da rajistar ofishin jakadancinsu na Abuja tun kafin a rufe.

Ni abin da yake burge ni a babin nan shi ne jimlar da ta ce ba za a gindaya sharaɗin iya karatu ko mallakar dukiya ba. A 1935 sai namiji ɗan shekara 21 mai iya karatu da rubutu, mata sai a 1937 suka samu bayan ƙuri'ar raba gardama da su matan ne suka kaɗa. Yau kuwa nas tana gama aikin dare a Jidda ta zaɓi shugaban ƙasarta. Kai Abu Sadiq da kake gida ɗaya da ita kana aika kuɗi Kano duk wata ba ka da wannan damar sai ka sayi tikiti ka dawo rumfarka, kuma gaskiya wannan yana min ciwo, tun yaushe ake ta maganar a majalisarmu har yau ba a gyara kundin ba.

Dr_Nura_Cebu:
Ƙari kaɗan a kan na Barista, kai uban yaron, auren bai mayar da kai ɗan ƙasa kai tsaye ba. In wata rana kuka zauna a can kana son zama ɗan ƙasa ta kotu ne, zaman shekara 10, ana rage wa mijin 'yar ƙasa zuwa 5, za ka iya zaɓe bayan nan amma manyan kujerun da na lissafa ba naka ba ne. Shi kuwa Sadiq in ya kai 18 zai iya rajista ko daga Abuja ne. Ku fara da rahoton haihuwar, kuma ku duba sosai yadda aka rubuta sunansa a fassarar ya zo daidai da wanda za a sa a fasfo ɗin Najeriya, harafi ɗaya in ya saɓa gyaransa yana cin lokaci.