Injin ɗaure ciyawa yana tsallake ƙulli a ɓangare ɗaya: ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tsohon injin ɗaure ciyawa, irin wanda tarakta ke ja yana fitar da ƙananan dammuna masu kusurwa huɗu, kowane dami da igiya biyu. Na'urar ƙulli ta dama tana aikinta lafiya lau, amma ta hagu takan saki dami lokaci zuwa lokaci, musamman idan ciyawar ta yi kauri kuma tarakta ta ɗan ƙara gudu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan na kashe tarakta na juya babban gargaren ƙarfen da hannu, babu ciyawa a ciki, ƙullin yakan fito daidai a duka ɓangarorin. Na wasa wuƙar yanke igiya, na zuba giris, amma matsalar tana nan. Daga ina ya kamata in fara?

Wani ɗan ƙungiya: Wa alaikumus salam. Malam, ina ganin faifan da ke riƙe bakin igiya ne ya yi sanyi, domin a tsohon inji sifirin ɗinsa yakan saki, igiyar ta zame tun kafin a ƙulla ta. Ka ƙara matse notin sifirin ɗin kaɗan ka gani.

Wani tsohon makaniki: Ɗan'uwana da ya riga ni magana ya kawo dalili na gaskiya, amma ina roƙon mai tambaya kada ya taɓa sifana tukuna, sai ya tsinto igiyar damin da ya warware ya dube ta da kyau, domin ita ce za ta nuna inda laifin yake. Igiyar da ke kewaye dami tana da baki biyu. Ɗaya shi ne wanda faifai ya riƙe tun farko, kuma shi ne yake kwance a saman damin. Ɗayan kuma shi ne wanda allura, wato dogon ƙarfen da ke kai igiya wurin na'urar ƙulli, ta ɗago daga ƙasa. Ƙugiyar ƙulli, wadda ke da baki da harshe, dole ta kama su duka biyun ta yi zagaye ɗaya da su, sannan wuƙa ta yanke, hannun wuƙar ya share ƙullin daga kanta.

Idan ka tarar da ƙulli a bakin da allura ta kawo kaɗai, bakin saman kuma ya fito gajere a baje kamar an latse shi, to igiyar ta zame ne daga faifai, kuma a nan ne shawarar matse sifirin take da amfani. Idan bakin ya fito a tsattsage, faifan ya matse fiye da kima ko damin ya yi tauri da yawa, sai a sassauta. Idan babu ƙulli a ko wanne baki, a duba ko fin ɗin ƙaramin giyan da ke juya ƙugiyar ya karye, ko harshenta ya ƙi buɗewa. Ƙullin da ya maƙale a kan ƙugiya kuwa, yawanci tsatsa ce, ko sifirin harshen ya yi tauri, ko hannun wuƙa ba ya gogar bayan ƙugiyar yadda ya kamata. Wanne ka gani daga ciki?

Mai tambaya: Na gode, Baba. Na duba igiyoyin da na tara. Ƙullin yana a bakin da ke saman dami, bakin da allura ta kawo kuwa a miƙe yake, an yanke shi tsaf, babu alamar ya taɓa naɗuwa.

Tsohon makanikin: Madalla, ka ga da ka matse faifan da ka ƙara wa kanka matsala ta biyu a kan ta farko. Wannan alama tana nufin igiyar allura ta shiga faifai amma ba ta kwanta a kan ƙugiya ba, saboda haka ƙugiyar ta juya da igiya ɗaya. Abubuwa biyu ne suka fi jawo haka. Na farko shi ne yatsan ƙarfen da ke ƙasan na'urar, wanda aikinsa ya ɗauko igiyar daga allura ya tura ta kan ƙugiya. Idan sandarsa ta yi sako-sako ko ya yi nisa da allura, zai wuce bai kama komai ba.

Na biyu, wanda na fi zargi, shi ne haƙoran tare ciyawa da ke leƙowa cikin akwatin dami. Duk lokacin da fistin ya danna ciyawa ya koma baya, su ne ke hana ta biyo shi. Idan sifirin ɗin ɗayansu ya karye, ko ƙura da ƙaiƙayi suka daskare a bayansa, ciyawar takan kumburo ta ture igiyar daga hanyar yatsan. Shi ya sa injin yake ƙulli da kyau idan babu ciyawa a ciki, ya kuma fi tsallakewa idan ta yi kauri. Mutane da yawa sukan manta da haƙoran nan saboda ba a jikin na'urar ƙullin suke ba. Ka gwada na hagu da na dama da bakin sukudireba, ka ji ko suna dawowa da ƙarfi ɗaya.

Wata 'yar ƙungiya: Ƙarin da zan yi a kan maganar Baba shi ne batun igiya da kiyaye lafiya. Tsarin wannan na'ura ya samo asali ne daga wanda John Appleby ya ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1870 domin injin girbin hatsi, tun kafin a san igiyar roba. Ta roba ta fi ta sisal, wato ta zaren tsiro, santsi, tana kuma buƙatar wuƙa mai kaifi sosai, kuma takan ci rami a idon allura da sauran wuraren da take bi. A duba maɗaurin da ke bakin akwatin igiya, domin idan ya saki, igiyar takan yi lilo yatsan ya kasa kama ta. Sannan a tabbatar tarakta tana juya shaf ɗin da ke ba injin ƙarfi zagaye 540 a minti ɗaya, kamar yadda aka tsara yawancin waɗannan injuna. Kada a sa hannu kusa da allurai sai an kashe tarakta, an zare makulli, gargaren kuma ya tsaya cak, domin yakan ci gaba da juyawa bayan an cire giya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na tarar da haƙorin sama na hagu a maƙale, ƙaiƙayi ya haɗu da tsohon giris ya daskare a bayansa, sifirin ɗin kuma ya rabu biyu. Na kankare wurin na sa sabo, kuma dammunan da na ɗaure bayan haka duk sun fito da ƙullinsu. Sai dai na lura yatsan hagu yana ɗan kaɗawa fiye da na dama. In gyara shi yanzu ne, ko in bar shi?

Tsohon makanikin: Ka bar shi har ka gama wannan yankan, domin idan ka taɓa abu biyu a lokaci ɗaya ba za ka san wanda ya yi maganin ba. Idan ka gama, ka saki abin da ke tayar da na'urar ƙullin ka juya gargaren da hannu a hankali har allura ta iso, ka auna tazarar yatsan da allura bisa abin da littafin injinka ya nuna, sannan ka daidaita na hagu da na dama. Idan kaɗawar daga ramin fin ɗin take, canza shi za ka yi, matsewa ba za ta hana ba.