Taƙaitawa: Launin Tufafi da Jan Hankalin Maza

Idan ana maganar launin tufafin mata da ya fi jan hankalin maza, mafi yawan maganar kan tsaya ne kan launin ja. A 2008, Andrew Elliot da Daniela Niesta na Jami'ar Rochester a Amurka sun nuna wa maza hoton mace ɗaya, launi kawai aka sauya, sai suka fi ganin kyanta da ja. Amma mazan ba su ce ta fi hankali ko kirki ba. Da aka sake nazarin irin waɗannan bincike a 2018, tasirin ya fito ƙarami. Wato kada a ɗora wa ja nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce abu ɗaya ja ya isa, ko riga ko mayafi, sauran su zama baƙi ko fari. Ja kala biyu a jiki ɗaya faɗa suke yi da juna. A kara yadin kusa da fuska a hasken rana kafin a saya, domin fitilar shago tana ruɗin ido. Jan yadi yana zuba, don haka a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.

Baƙi kuwa an yaba masa, muddin bai koɗe ba. Ɗinkin da bai zauna a jiki ba, babu launin da zai gyara shi.