Mai gidanmu yana Ingila, wai ni ne zan cire haraji daga kuɗin haya?

Mai Sito Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin harkar haraji ku taimaka min. Ina haya a wani bene nan Agege a Legas, ƙasa sito ne inda muke ajiye wake da gero da muke saukewa daga Dawanau, sama kuma nan nake zaune da iyali. Mai gidan dattijo ne Bayarabe, ya koma wajen 'ya'yansa a Ingila tun kafin in shigo, sai dai mu gaisa ta waya, ƙaninsa ne ke kula da gidan. Siton miliyan 3.5 ne a shekara kuma da sunan kamfaninmu aka yi agrimen, mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sama kuma miliyan 1.8 da sunana. Ƙarshen watan nan haya ke ƙarewa, sai yaron da ke mana lissafi ya ce wai dole in cire kashi 10 in kai wa gwamnati kafin in tura sauran, na faɗa wa ƙanin mai gidan ya ce ko kobo ya ragu in nemi wani wuri. Ga kuma takardar Land Use Charge, wato harajin fili da gida na jihar Legas, an zo an manna mana a get. Ni dai na rasa na kamawa, wanne ne nawa wanne ne nasu?

Baban Yara Mile 12:
Wa alaikumussalam. Alhaji ka biya mutane kuɗinsu ka zauna lafiya, ina garin nan tun Marwa yana gwamna ban taɓa cire wa mai gida ko sisi ba kuma ba wanda ya taɓa buga min ƙofa. Samun sito a Agege yanzu ba wasa ba ne, kar yaron lissafi ya ja maka notis.

Ɗan Kano a Manchester:
A nan Ingila kam haka dokar take, in mai gida yana zaune ƙasar waje kuma kai tsaye kake biyansa ba ejan a tsakani, kuma hayar ta wuce fam 100 a sati, to kai ɗan haya ne za ka cire kashi 20 ka kai wa HMRC, hukumar harajin nan, sai in sun ba shi izinin karɓar kuɗinsa cif. Amma fa wannan na gidajen da ke nan Ingila ne, naku yana Agege, dokar Najeriya ce za ta yi aiki. Abin da nake so ka gane kawai, dattijon nan in dai ya daɗe a nan ba baƙon abu ba ne a wajensa, ƙanin ne dai bai gane ba ko kuma yake yi kamar bai gane ba.

Akanta na Ikeja:
Malam Mai Sito yaronka yana da gaskiya amma rabi. Haya biyu gare ka kuma kowacce da hukuncinta, kar ka haɗa su.

Ta sama da kake zaune da iyali, kai mutum ne ka kama da sunanka, ba a ɗora wa mutum ɗaya nauyin cire wannan harajin ba, ka tura miliyan 1.8 ɗinka cif ka karɓi risiti. Shi ya sa Baban Yara bai taɓa cirewa ba kuma ba a neme shi ba, in dai gidan kwana yake magana.

Siton ne matsalar. Tunda kamfani ne ya kama, kamfani kuwa doka ta sa shi ya cire kashi 10 daga kuɗin haya ya kai wa hukuma da sunan mai gidan, shi ne WHT ɗin da kake ji ana faɗa. Ba wai don yana Ingila ba ne, ko a Iyana Ipaja yake zaune kashi 10 ɗin ne. Ƙa'idar da aka fitar a 2024 ta fara aiki 1 ga Janairu 2025 ta yi wa ƙananan kamfanoni sassauci, in kuɗin bai wuce miliyan 2 a watan ba kuma wanda za a biya yana da TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ba sai an cire ba, to naka miliyan 3.5 ne ka wuce nan. Kenan ka cire dubu 350, ka tura masa miliyan 3 da dubu 150. Kuma ka gane kuɗin nan ba naka ba ne ba kuma ƙari ba ne a kan haya, harajin dattijon ne a kan kuɗin da gidansa na Najeriya ya kawo masa, kai ɗan aike ne kawai. Amma in ba ka cire ba ranar da aka zo duba littattafan kamfani kai za a tsare da tara da kuɗin ruwa, shi yana can ba mai ganinsa.

Baban Yara Mile 12:
To Yallabai shago nake da shi ai ba gida kaɗai ba, amma da sunana na kama ban da wani kamfani. Na dai ji daɗi da ba ni da bashin gwamnati lol

Hajiya Idi-Araba:
Ni maganar takardar get ɗin zan yi don ta taɓa cin mu. Land Use Charge na mai gida ne ba na ɗan haya ba, amma ku sani dokar Legas ta ba su dama in mai gida ya ƙi biya su naɗa wanda ke cikin gidan a matsayin wakilinsa, ya biya daga kuɗin hayar da zai ba shi. Mu mai gidanmu tana Amurka, ejan ɗinta ya yi ta karɓar kuɗi a hannunmu wai na takardar nan, kowane ɗaki da kasonsa, ashe ba ya kaiwa, sai da aka manna ta biyu da jan rubutu muka farga. Tun daga nan ba na ba kowa kuɗi a hannu. Ɗauki hoton takardar ka tura wa dattijon da kansa, kar ka bar ta a hannun ƙanin kawai, sannan ka duba agrimen ɗinka don wasu masu gidan suna cusa layi a ciki cewa ɗan haya ne zai biya, in ka sa hannu a kan haka kuwa ka ɗaure kanka.

Mai Sito Agege:
Allah ya saka da alheri Hajiya, na duba agrimen ɗin ba maganar Land Use a ciki, haraji ma gaba ɗaya ba a ambata ba. Yallabai Akanta to in na cire dubu 350 ɗin ina zan kai, Alausa? Sannan ya zan yi da mutumin nan da ya rantse sai an cika masa.

Akanta na Ikeja:
Nan ne zamansa a waje ya shigo. Da a Legas yake zaune LIRS ta Alausa, hukumar harajin jihar, za ka kai wa, amma harajin mutumin da ba mazaunin Najeriya ba na hukumar tarayya ne, FIRS ɗin da aka mayar NRS tun Janairun 2026. Wa'adin ma ya bambanta, na tarayya zuwa 21 ga watan da ke biye, na jiha zuwa 30. Sai dai kar ka yanke hukunci da kanka cewa shi ba mazauni ba ne don kawai ba ka ganinsa, ana duba ko ya kai kwana 183 a ƙasar cikin wata 12, sabuwar doka kuma tana duba ko yana da gidan zamansa a nan da iyali da harkoki. Na sha ganin dattawa irinsa da ke zuwa su yi rabin shekara a gida in sanyi ya matsa musu can. Ka tambaye shi TIN ɗinsa, daga nan yaronka zai ga inda aka san shi. In ka kai wa hukumar da ba ita ba, ɗayar za ta zo ta ce ita ba ta ga komai ba, dawo da kuɗi daga hannun gwamnati kuwa sai mai haƙuri.

Maganar ƙanin, ni a ganina ka daina jayayya da shi, ba kuɗinsa ba ne. Rubuta wa dattijon saƙo, ko ɗaya daga cikin 'ya'yan, ka ce kamfani ne ke haya doka ta tilasta mana, ga lissafi, kuma da zarar mun biya za mu turo risitin da ke ɗauke da sunanka. Da yawa abin da suke tsoro kenan, a cire a cinye. In ya kafe sai miliyan 3.5 ta shiga asusunsa cif, to a zauna a sake rubuta kuɗin haya a agrimen yadda in an cire kashi 10 zai ga abin da yake so, wajen miliyan 3.89 kenan, ka ga ƙarin haya aka yi maka a fakaice, sai ka auna ko siton ya kai haka.

Malamin Makaranta Ojota:
Ƙarin bayani kaɗan a kan na sama. A sabuwar dokar haraji da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 akwai rangwamen haya, kashi 20 na abin da ka biya a shekara amma ba zai wuce dubu 500 ba. Naka miliyan 1.8 ya zama dubu 360. Ba wai za a turo maka alat ba fa kar wani ya fara murna, cire shi ake daga kuɗin shigarka kafin a lissafa harajinka. Kuma sai da shaida, don haka risiti dole, dokar haya ta Legas ta 2011 ma ta wajabta wa mai gida ya ba da shi. Ka sa a yi maka guda biyu daban, na sito da sunan kamfani na sama da sunanka.

Ɗan Kano a Manchester:
Kuma in dattijon yana biyan haraji a nan risitin naku zai yi masa amfani, akwai yarjejeniya tsakanin Najeriya da Birtaniya ta hana cajin mutum sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Ka saka wannan a saƙon, 'ya'yan za su gane da wuri.

Mai Sito Agege:
Na tura wa babbar 'yarsa saƙon jiya da daddare haɗe da hoton takardar get. Ta ce Land Use za su biya da kansu, maganar kashi 10 kuma za ta tambayi Baba ko yana da TIN don ita ba ta taɓa jin ya ambata ba. Ƙanin kuma tun safe yake kirana ban ɗaga ba tukuna. Yallabai in ya zama ba shi da TIN ɗin fa?

Akanta na Ikeja:
Sai a yi masa, ba abu ne mai wuya ba in yana da NIN, rashinsa ba ya ɗauke maka cirewa. Ka tura na sama yanzu don su ga ba ƙin biya kake ba, na siton kuma ka ce da ita ta amsa maka a rubuce kafin ƙarshen wata. Ƙanin ma ka ɗaga masa waya Alhaji, shi ne mai makullin get.