Hawan Dutsen Toubkal da ƙanena a farkon Yuni

Baƙon Rabat: Assalamu alaikum. Ina karatu a Maroko, ƙanena kuma zai zo daga Katsina farkon Yuni. So muke mu hau Toubkal, mita 4,167, kowa da jakarsa a baya. Yaron bai taɓa hawan abin da ya wuce dutsen Dala ba. Kwana biyu zai ishe mu? Kuma akwai sauran ƙanƙara lokacin?

Matafiyi: Wa alaikumus salam. Daga Marrakesh ku shiga mota zuwa Imlil, ƙauyen da ake fara hawan. Ranar farko tafiyar awa biyar zuwa shida ce, ta wani zango da ake kira Sidi Chamharouch, har masaukin da ke wajen mita 3,200. Da asuba ake tashi zuwa ƙololuwa. Ɗan jagora dole ne tun bayan kisan wasu 'yan yawon buɗe ido biyu kusa da Imlil a 2018, kuma jandarmomi na duba fasfo a hanya.

Maman Biyu: Malam, ni dai a ce kwana uku. Mutum ya taso daga zafin Katsina, ka kai shi inda iska ba ta isar huhu? Ciwon kai da amai ne. Ku kwana a Imlil tukuna. Takalmin ma ya fara takawa da shi tun yanzu, sabo yana sa kanta.

Matafiyi: Gaskiyar Hajiya. Ƙanƙara kan rage a sama wasu shekarun, ku kira masaukin ku ji. Rigar sanyi da safar hannu kam ba fashi. Ku ɗauki hayar alfadari ya kai kayan.

Baƙon Rabat: Na gode. Hayar alfadarin ce ƙanen nawa zai ƙi, wai shi jarumi. Zan haɗa shi da Umma.