A fara da hanya kafin a raba filaye

Mun zauna da direbobin tirela, 'yan kasuwar hatsi da wani injiniyan hanya kan yadda za a tsara hanyoyin shiga wuraren kasuwanci da masana'antu a ƙananan hukumomin Kano. Ga abin da na tsinta.

Abin da aka fi nanatawa shi ne a shata hanya da magudanar ruwa tun kafin a raba filaye. Wani direba ya kawo misalin kasuwar Dawanau, a Dawakin Tofa: babban titin Katsina yana nan a bakinta, amma ranar da kaya suka yi yawa, tirela ɗaya ta tsaya lodin buhunan riɗi, layi ya toshe har masu kura su rasa wajen ratsawa. Shawararsa, a ware filin ajiye manyan motoci a waje, a raba ƙofar shiga da ta fita. Ni kuwa na fi karkata ga batun magudanar ruwa, domin kwaltar da ba ta da kwata damina biyu ke cinye ta.

Injiniyan ya tuna mana cewa titunanmu kashi uku ne: na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma. Guntun da ke haɗa su, shi ake mantawa. Ya ce a rubuta tun farko wa zai gyara shi.

An kuma taɓo tashar tsandauri ta Dala (tashar sauke kwantenoni nesa da teku) da ke Zawaciki, a Kumbotso, wadda aka buɗe a 2023. 'Yan kasuwa suna so a haɗa ta da masana'antun Challawa da hanya mai ɗaukar nauyin kwantena, ba sai an ratsa cikin gari ba.