Abin da aka tsayar kan haska ƙwallo a gidajen kallo na ƙauye

Salamu alaikum 'yan'uwa. Muhawarar da aka yi kan yadda ya fi dacewa a haska ƙwallo a gidajen kallo ta yi tsawo, ga abin da na tsinto daga bakin masu gidajen kallo na wajen Ringim, Gumel da Ɗambatta.

1. Kowa ya yarda Firimiyar Ingila ce ke kawo mutane. Tashar SuperSport da ake kamawa a DStv ke da haƙƙin nuna ta a nahiyarmu kudu da Sahara, don haka DStv ce hanyar da ba rigima. An tuna cewa kuɗin kallon gida daban, na wurin kasuwanci daban.

2. A kan dikodar tashar wasanni ta beIN aka rabu. Wasu sun ce ta fi sauƙi, wasu suka ce lasisinta na ƙasashen Larabawa da Arewacin Afirka ne, bai shafi Najeriya ba. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

3. Shafukan sata na intanet: kusan kowa ya ce a bar su. Ga cin data, ga tsinkewa, kuma sai ka ji gidan maƙwabci sun yi ihun cin ƙwallo kai hotonka bai iso ba. Yara kan nemi a mayar musu da kuɗinsu.

4. Wuta: masu sola sun ce sun huta da fetur, masu janareta sun ce kuɗin batir ne ya tsayar da su.

5. Shirye-shiryen tarihi da na dabbobi ranar da ba wasa: dattawa na so, matasa ba sa zama. A kashe talabijin in lokacin sallah ya yi, wannan ba wanda ya ja.